Fukafukan Mudir

Lahadi, 8 ga Satumba

Na gaji. Da wannan zan fara, don shi ne kaɗai abin da na tabbatar yau.

Tun da muka dawo da Yaba, mahaifina, daga asibiti ban yi barcin kirki ba. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana daka wa ma'aikatan jirgin ruwa tsawa a kan kogin Shatt, yau sai dai ya bi ka da ido. Ni ce ɗagawa, ni ce juyawa, ni ce wankin zanin gado da ruwan famfon Basra mai gishiri, duk ya tsattsaga min hannu. Na baro ajina a Bagadaza da sunan hutun jinya. Shugabar makaranta ta ce in koma farkon Oktoba, in ba haka ba su nemi wata malamar lissafi.

Ga kuma Mudir, akun Yaba. Toka-toka mai jar jela, da ido irin na ɗan sandan hanya. Yaba ne ya raɗa masa Mudir, wato manaja, don ba abin da ya iya sai ba da umarni, kuma da muryar Yaba sak. "Ina shayin?" "Rufe ƙofar nan!" Tun ranar da Yaba ya faɗi bai sake cewa uffan ba. Na fitar da kejinsa daga ɗakin zuwa baranda ta ciki, saboda ƙurar gashinsa tana sa ni atishawa, kuma ina bukatar wurin ajiye kujerar guragu. Yana can kan sandarsa, fukafukai a sake sun zubo ƙasa, kamar yaron da aka sa wa rigar babansa.

Ni dai ko a jikina. Uba zan yi jinya ko tsuntsu?

Talata, 10 ga Satumba

Yayana Muwaffak ya kira daga Suwidin. Yana zaune cikin sanyi da kofin gahawa, ni gumi na ɗiga a kan wayar. Ya kalli Yaba ya yi hawaye, Yaba ya kau da kai. Sai ya ce, "Sundus, kai wayar wurin Mudir, ko muryar Yaba in ji."

Na ce ai ya daina magana.

Sai ya ce, "To me kika yi masa?"

Ni. Me na yi masa. Allah ya ba ni haƙuri da 'yan'uwa masu jinya ta waya.

Bayan ya kashe na tsaya a baranda na ɗan jima. Ban taɓa kawowa a raina ba sai da ya faɗa: duk duniya babu inda muryar Yaba ta rage sai a maƙogwaron wannan mugun tsuntsun.

Laraba, 11 ga Satumba

Khala Fakhriyya ta zo, ƙanwar mahaifiyata, marigayiya Yumma, da tukunyar miyar kuɓewa da burodi mai zafi. Allah ya saka mata, yau ban kunna murhu ba. Ta sumbaci goshin Yaba, ta yi masa faɗa don ya rame, kamar da gangan ya yi. Tana fitowa ta ci birki a gaban kejin.

"Ke 'yar nan, ba ki gani ne? Dubi fukafukansa! Wannan ai ido ne. Matan da suka cika gidan nan dubiya, kowace sai ta tsaya ta ce kai, tsuntsu sai wayo, ba mai cewa masha Allah. Idon da ya ka da ubanki shi ne ya gangaro kan tsuntsun."

Na ce Khala, hawan jini ne ya ka da Yaba.

"Hawan jinin kuma wa ya aiko shi?"

Da magariba ta hura gawayi a kasko, ta watsa 'ya'yan harmal, na turaren korar ido. Suka fara fashewa, tas, tas. Kowace ta fashe sai ta ce, "Kin ji? Idon wata ne ya tsiyaye." Ta zagaya kan Yaba da hayaƙin, sannan ta ajiye kaskon a ƙarƙashin kejin, ta yafa tsohuwar abayarta a kai ta rufe ruf, wai don ya ratsa shi sosai. Ta ce kullum za ta riƙa zuwa har sai ya miƙe.

Ban hana ta ba. Ta wanke min kwanuka, ta kuma zauna da Yaba na samu na yi wanka a natse. Wanda ya ba ni wannan, ko barkono ya ce zai turara a gidan ba zan yi musu ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Iskar teku ta taso, jiki duk ya yi danƙo. Wutar gwamnati ta ɗauke tun hantsi, janaretan unguwa kuma ba ya iya ɗaukar na'urar sanyi, sai fanka. Yaba ya jiƙe sharkaf, sau uku ina canza masa riga.

Mudir ya sauya tsayuwa. Yanzu ba zubo da fukafukan yake yi ba, buɗe su yake nesa da jikinsa, baki a hangame, jela tana sama tana ƙasa da kowane numfashi. Na ce zafi ne, wa bai ji ba? Na fesa masa ruwa. Ya kalle ni da gefen ido, ko girgiza jiki bai yi ba.

Khala ta ce alamar idon yana fita ne. Ta ƙara harmal.

Asabar, 14 ga Satumba

Wani sabon abu. Da Khala ta ɗauko abayar za ta rufe kejin, sai Yaba ya fara bugun ƙarfen gado da hannun hagu. Daga inda yake kwance yana hango baranda ta ƙofa. Bugu yake ba ƙaƙƙautawa, yana wani gurnani. Na duba ƙunzugu, na duba ƙafa, na ba shi ruwa ya ture.

Khala ta ce, "Ganin tsuntsun ne ke tayar masa da hankali, bawan Allah. Yana tuna masa da lafiyarsa. Ki kau da shi daga idonsa."

Na ga kamar da gaskiyarta. Muka ja kejin zuwa kicin, kusa da taga.

Litinin, 16 ga Satumba

Yaba ya daina cin abinci. Ya datse haƙora, ya juya fuska bango. Na dama masa kunun shinkafa, na murje dabino a madara, na yi lallashi, na yi faɗa. Har na ce masa, "Yaba, so kake ka mutu a hannuna Muwaffak ya ce ni ce?" Allah ya yafe min. Bai ko motsa ba.

Mudir ma gyaɗarsa tana nan yadda na zuba. Ina soya albasa yana bayana yana wannan hakin, har ina jin wani ɗan sauti a ƙirjinsa kamar ana murza leda.

Biyu sun haɗe min kai a gida ɗaya, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce ga abin da yake so.

Talata, 17 ga Satumba

Muwaffak ya ce yana da aboki a garin Abul Khasib, Abu Sajjad, mai kiwon tsuntsaye a gonar dabino. Zai zo ranar Juma'a ya ɗauki Mudir. "Ki huta da ɗaya, ki ji da ɗaya." Karo na farko da ya faɗi magana mai amfani.

Na ce to. Na ji kamar an sauke min tulu daga ka, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Gab da magariba ina zaune bakin gado da cokali, Yaba ya ƙi kamar kullum. Khala ta shigo da kaskonta za ta fara zagaye. Sai Yaba ya damƙi hannun rigata da hagu, da ƙarfin da ban san yana da saura ba. Ya sake ni. Ya lanƙwasa gwiwar hannunsa, ya ɗaga ta nesa da haƙarƙari, ya saki kafaɗa, ya hangame baki, ya fara haki, jikinsa yana gaba yana baya.

Na ce innalillahi, ciwon ya dawo. Na zabura zan ɗauki waya in kira motar asibiti, ya make wayar ta faɗi. Ya kafe ni da ido. Ya sake yi, a hankali wannan karon, kamar mai koya wa dakikin ɗalibi: gwiwar hannu a buɗe, baki a buɗe, haki. Sannan ya nuna hanyar kicin da haɓa. Sannan ya juya ya zuba wa kaskon ido.

Khala ta matso tana, "Sannu Abu Muwaffak, bari in kore maka shi." Tana kawo kaskon kusa ya kai masa hannu. Gawayi ya watse a kan darduma, muka hau tattakawa da silifa, ɗaki ya cika da ƙaurin ulu.

A durƙushe nake ina tsince gawayi abin ya faɗo min. Mudir yake kwaikwaya. Ubana, da hannu ɗaya da ya rage masa, ya zama tsuntsu don ya gaya min hayaƙin nan kashe shi yake yi. Bugun gadon nan na ranar Asabar ma abin da yake faɗa ke nan, mu kuma muka ɗauke masa tsuntsun muka kai inda ba zai gani ba, kusa da man suya.

Sai abubuwa suka riƙa dawo min. Shekarar da aka kawo Mudir Yaba ya bar taba, duk muka ce shirin aikin Hajji ne. Yumma kuma in za ta turara kaya sai ta hau rufin gida, tana mita wai an mai da ita baƙuwa a gidanta. Ni ina Bagadaza, zuwa nake da Sallah in koma, na ɗauka rigimar tsofaffi ce kawai.

Na ce, "Khala, hayaƙin ne. Shi ke toshe masa numfashi."

Ta miƙe tsaye. "Harmal? Harmal ɗin da aka turara ki da shi kina cikin tsumma? Da shi aka raini uwarki, da shi aka raine ni. Yau ni ce mai kashe muku tsuntsu?"

Na ce ba haka nake nufi ba, mutum daban, tsuntsu daban.

"Ato, karatu ya yi rana. Ku zauna da bokonku, ke da ubanki." Ta fizge abayar daga kan kujera, ko tukunyarta ba ta ɗauka ba. Na ji ƙarar ƙofa har cikin haƙorana.

Na buɗe duk tagogin gidan. Na koma na ce, "Yaba, na gane." Ya lumshe ido, hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, na goge masa. Abincin dai bai ci ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Abu Sajjad ya zo bayan masallaci da kwali mai huji. Mutum mai kunya, bai yarda ya wuce baranda ba. Na fito masa da kejin daga kicin, ya leƙa ya girgiza kai. "Malama, wannan ba zai kai Abul Khasib da rai ba. In ya tashi ki kira ni, ina so. In bai tashi ba, Allah ya ba Hajji haƙuri." Ya sha shayi a tsaye ya tafi.

Asibitin dabbobi a rufe yau. Mudir ya sauko daga sanda ya zauna a ƙasan keji, gashi a bubbuɗe. Na zauna a gabansa kan bokiti ina kallon jelar nan tana sama tana ƙasa, ina cewa kada ka yi min haka, kai dai kada ka yi min haka.

Asabar, 21 ga Satumba

Maƙwabciya ta zauna da Yaba, na ɗauki keji a tasi zuwa asibitin dabbobi a unguwar Ashar. Direban sai surutu, wai akun kawunsa ya iya kiran sallah. Na roƙe shi ya kashe sigarinsa, ya kalle ni ta madubi kamar na zagi uwarsa.

Likitar, Dakta Lamiya, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina na farko ba. Da na ce harmal a ƙarƙashin abaya, ba ta yi min faɗa ba, ta dai ce, "Kakata ma ta yi wa kanarinmu." Ta sa shi a wani akwatin gilashi mai iska na ɗan lokaci. Ta ce hayaƙin da mutum zai yi tari ya wuce, tsuntsu shiga yake har cikin jikinsa ya zauna. Ta ba ni magani na ɗurawa da sirinji safe da yamma.

Na tambaye ta muryar fa. Ta ɗaga kafaɗa. Wurin da sautin ke fitowa ya kumbura, wani yana dawowa, wani ba ya dawowa. "Ki fara roƙon ya rayu tukuna."

Abin da ta ce da na riƙe: tsuntsu ɓoye ciwo yake yi har sai ya ci ƙarfinsa, don haka kada in jira ya nuna min, in riƙa duba fukafukai da jela. Buɗe fukafukai da haki yana iya zama zafi, amma in jela tana bugawa da kowane numfashi a cikin inuwa, ƙirji ne. Zubo da su kuma bayan wanka ba komai ba ne, amma yini guda a zube, ko ciwo ko ɓacin rai. Ta ce wataƙila na farkon nan kewa ce kawai, an raba shi da mai shi. Wato da na bar shi a ɗakin da duk wannan bai faru ba.

Na dawo kaina kamar zai tsage.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na mai da kejin ɗakin Yaba, gefen hagu inda hannunsa zai kai. Kujerar guragu ta koma baranda, atishawa kuma na sha.

Yaba ya zura yatsa ta tsakanin ƙarafa. Mudir ya daɗe yana kallo, sannan ya ja jiki ya sunkuyar da kai, ya buɗe gashin wuya. Yaba ya sosa masa. Sun fi rabin awa a haka, ba mai sauti a cikinsu.

Da azahar Yaba ya sha kunu rabin kofi.

Wurin ɗura magani kuma Mudir ya kama min babban yatsa har jini. Na gode, Mudir. Sakayyar ke nan.

Laraba, 25 ga Satumba

Cizo na huɗu. Bayana kamar an daka. Ba abin rubutawa.

Asabar, 28 ga Satumba

Jelar ta rage bugawa. Ya koma kan sanda.

Ban yi niyyar koyon komai ba, amma wanda ya yini a ɗaki ɗaya da su dole ya gani. In na shigo da tawul ɗin da nake naɗe shi, sai ya matse fukafukai a jiki ya zama siriri, ya miƙe tsaye ƙiƙam: tsoro. In ya bubbuɗa gashin kafaɗa ya ɗan ware fukafukai, ƙwayar idonsa tana ƙanƙancewa tana buɗewa, to in janye hannuna, cizo na tafe. Da na san wannan tun farko da yatsuna sun huta. In kuma ya ɗan ɗaga su ya mayar, ya ɗaga ya mayar kamar mai gyara zaman riga, haushi yake ji amma bai kai na faɗa ba. Yanzu sai in tsaya in jira ya gama gyara rigarsa, in yi masa magana, sannan in kama. Yau ba cizo.

Yaba ma ashe haka yake. In ya ɗage kafaɗar hagu zuwa kunne, juyi yake so. In ya shimfiɗa tafin hannu a kan zani, ya ƙoshi, kada in dame shi. In yana murza gefen bargo da yatsa biyu, fitsari ne, kuma kunya yake ji, gara in kawo abin ba tare da na tambaya ba. Wata guda yana yi min magana ina cewa ba ya magana.

Talata, 1 ga Oktoba

Khala ta dawo. Wai tukunyarta ta zo ɗauka, amma da wata tukunyar a hannu, kifi da shinkafa. Ta tsaya a ƙofar ɗaki fuska a ɗaure, ta kalli Mudir.

"Ya miƙe dai."

Na ce ya miƙe, Khala.

"To ai harmal ɗin ne ya fara aiki, maganin likita ya zo ya tarar."

Na ce haka ne, Khala. Yaba ya yi wani sauti ta hanci, na rantse dariya ce.

Da magariba na ji ta tana hawa matakala da kaskonta, tana nishi tana ambaton gwiwoyinta. A rufin gida ta yi turarenta, ita kaɗai, ta zagaya tankin ruwa da shi. Da ta sauko ta wanke hannu da fuska kafin ta shiga ɗakin, ba wanda ya ce ta yi. Na so in rungume ta, amma da ta ce min meye haka.

Shugabar makaranta ta kira. Na ce ta ba ni mako ɗaya. An samo wata mata, Ummu Abbas, da za ta zauna da Yaba in na tafi, amma ta ce ita ba ta zama ɗaki ɗaya da abin da ke cizo. Muwaffak ya ce to ai an gama magana, in ya warke Abu Sajjad ya ɗauka, Yaba zai saba. Daga Suwidin komai sabuwa ake yi.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Da safe Mudir ya miƙe fiffike ɗaya da ƙafa ɗaya tare, har ƙarshe, ya mayar, ya miƙe ɗaya ɓarin. Dakta Lamiya ta ce in na ga wannan in gode wa Allah, mai ciwo ba ya miƙa. Bayan nan ya riƙe sanda gam ya kaɗa fukafukai da ƙarfi har takardun magani suka tashi daga kan tebur. Yaba ya buga katifa da hannu, irin bugun da ake wa doki in ya yi abin kirki.

Amma shiru. Yana buɗe baki, maƙogwaro yana motsi, sai iska kawai ta fito.

Na bincika wayata kaf. Hotuna sun fi dubu, na abinci, na allon aji, na takalman da ban saya ba. Muryar Yaba ko ta daƙiƙa ɗaya babu. Ba ya son saƙon murya, kira yake yi ya yi faɗa ya kashe. Na tambayi Muwaffak, shi ma babu. Yau dai bai ce ni ce ba.

Na tsaya gaban keji kamar mahaukaciya ina cewa, "Ina shayin? Mudir, ina shayin?" Ya karkata kai yana kallona. Yaba ya juya fuska bango, sai na bari.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau ya kamata in kasance a aji. Na ce wa shugaba Ummu Abbas ba ta shirya ba. Ta shirya tun jiya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Abu Sajjad ya aiko saƙo, zai zo Juma'a ta sama. Na ce Allah ya kai mu. Na kakkaɓe kwalin da ya bari, na ajiye a bayan ƙofa inda Yaba ba zai gani ba. Amma ya sani. Yini guda hannunsa yana cikin keji.

Na gaji da zama mai yanke hukunci a gidan nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Zafi ya sauka, har na kashe fanka da safe.

Da azahar ina ba Yaba shinkafa da miya. Ya ci kaɗan ya shimfiɗa tafin hannu, ni kuma na ƙi gani, don bai ci abin kirki ba. Mudir ya matso ƙarshen sanda ta wajena, ya kwantar da ƙirji, ya ɗan saki fukafukai suna karkarwa. Roƙo ne, Yaba kaɗai yake yi wa haka. Na waiga in ga ko hannun Yaba yake kallo. Ni yake kallo. Na ce, "Ka jira, ba kai nake ciyarwa ba."

Sai ya yi magana.

A dishe, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, amma kowace kalma ta fita. "Cokali ɗaya, Yaba. Don ni. Yauwa, gwanina."

Ba muryar Yaba ba ce. Tawa ce. Har da ɗan jan numfashin da nake yi kafin in ce yauwa. Ni ban ma san ina faɗin haka ba. A kaina, in na tuna kwanakin nan, faɗa kawai nake jin na yi, da mita, da Allah ya isa a zuci. Ban san da wannan muryar nake yi masa magana ba.

Yaba ya kalli tsuntsun, ya kalle ni. Rabin bakinsa mai rai ya ɗaga sama, kafaɗarsa tana girgiza. Ya janye tafin hannunsa daga kan zani, ya buɗe baki. Na ba shi. Na ba Mudir ma, a bayan cokali.

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji ni.

"Ina shayin" bai dawo ba. Wataƙila gobe, wataƙila ya tafi ke nan, kuma da yardata aka rufe shi da abayar, ko da ba ni na yafa ba. Ban gaya wa Muwaffak komai ba tukuna. Shugabar makaranta ta kira sau biyu, ban ɗauka ba, zan kira ta in na san abin da zan ce.

Abu Sajjad dai na kira shi. Na ce kada ya wahalar da kansa gobe, maganin tsuntsun bai ƙare ba.

Maganin ya ƙare tun Litinin.